Zaɓen Na'urar Takardar Goge Hannu: Wacce Ta Fi Jure Aiki, Wacce Ta Fi Sauƙin Kuɗi?

Wanda aka ɗora wa nauyin kula da wurin wanke hannu a ofis, asibiti, makaranta ko masana'anta yakan ɗauki sayen akwatin takardar goge hannu a matsayin ƙaramin al'amari, har sai ƙorafi ya fara yawa: takarda ta maƙale, ko ta yage guntu-guntu, ko ta zubo ƙasa da yawa, ko kuma akwati ya cika fal amma babu abin da ke fitowa. Tun 1907 kamfanin Scott na Amurka ya fara sayar da takardar goge hannu, kuma har yau aikin da ake buƙatar na'urar ta yi bai sauya ba, wato ta miƙa takarda ɗaya busasshiya ga mutum mai jiƙaƙƙen hannu da ke cikin gaggawa, ta maimaita hakan sau dubbai, alhali babu mai tsayawa yana lura da ita. Nau'o'i biyar ne suka fi yawa: akwatin ninkakkiyar takarda, na'ura mai mariƙin dannawa, mai yanka da kanta idan an ja, mai aiki da batir, da kuma wadda ake zaro takardarta daga tsakiyar naɗi.

Ma'aunan da ya kamata a yi hukunci da su

Ma'auni mafi muhimmanci shi ne abin da ke faruwa a ranar da na'urar ta samu matsala. Kowace na'ura tana lalacewa, amma akwai wadda idan ta lalace har yanzu mutum zai iya samun takarda, akwai kuma wadda take kulle takardar a cikinta sai mai makulli ya zo. Injiniyoyi suna da lissafi mai sauƙi a kan wannan: idan aiki ya dogara ga sassa da dama da ke jere, kuma dole kowane ya yi aiki kafin takarda ta fito, to ana ninka amincin kowane sashe da na ɗan'uwansa ne. A misali, sassa 5 da kowanne ke aiki daidai sau 99 cikin 100 za su ba da na'urar da ke aiki kusan sau 95 cikin 100 kawai. Saboda haka duk ƙarin sifirin, haƙorin giya, waya ko batir yana da farashin da ba a rubuta a jikin kwali ba, kuma dole ne amfanin da ya kawo ya biya wannan farashin.

Na biyu shi ne dacewar takarda da na'ura, kuma a nan ne akasarin matsalolin da ake ɗora wa na'ura suke samo asali. Ruwa yana raunana haɗin zarurrukan takarda, shi ya sa masu yin takardar goge hannu suke zuba mata sinadarin da ke riƙe ƙarfinta bayan ta jiƙe. Idan ƙarfin da ake buƙata wajen jawo takarda ya fi ƙarfin da jiƙaƙƙiyar takardar za ta iya ɗauka, sai ɗan guntu ya tsinke a yatsun mutum, sauran ya rage a ciki. Na'ura mai kyau da aka cika da takarda mai rauni za ta ba da kunya, kamar yadda takarda mai kauri fiye da kima kan cushe bakin akwatin da ba don ita aka ƙera shi ba.

Sai batun kuɗi, wanda ya kasu biyu. Kuɗin akwati sau ɗaya ake biya, kuɗin takarda kuwa ba ya ƙarewa, kuma a wuri mai jama'a kuɗin takardar da za a ci cikin shekaru yakan ninka kuɗin akwatin sau da yawa. Manyan kamfanoni irin su Georgia-Pacific, Kimberly-Clark da Essity mai tambarin Tork sun san haka sarai, don haka da yawa daga cikin na'urorinsu an ƙera su ne yadda naɗin kamfanin kaɗai zai zauna a ciki, ta hanyar sauya faɗin bututun kwalin da ke tsakiya ko sa masa toshi mai siffa ta musamman. Wani lokaci akan ba da akwatin da araha ƙwarai, ko a ba da shi aro bisa yarjejeniyar sayen takarda. Wannan ba lallai ya zama cuta ba, domin takardar da aka yi don na'urar takan yi aiki sumul, amma mai saye ya sani cewa ya ɗaure kansa ga mai kawo kaya guda ɗaya.

Akwai kuma yawan abin da na'ura ke ɗauka da lokacin da ma'aikacin tsafta zai ɓata wajen cika ta, da ingancin jikinta, da tsafta, da sauƙin amfani ga kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na tsaftar hannu a wuraren kiwon lafiya na 2009, ta ce a busar da hannu da takarda ko tawul da ake amfani da shi sau ɗaya, kuma a rufe famfo da shi, manufar ita ce kada hannun da aka wanke ya sake taɓa wurin da kowa ke taɓawa. Ta fuskar masu buƙata ta musamman kuwa, ƙa'idojin dokar naƙasassu ta Amurka sun zama abin dubawa ga masu ƙira da yawa: a iya sarrafa na'ura da hannu ɗaya ba tare da matsewa ko murɗa wuyan hannu ba, ƙarfin da ake buƙata kada ya wuce fam 5, wato kimanin kilo 2.3, wurin kamawa kada ya haura inci 48 daga ƙasa, kimanin santimita 122, kuma abin da aka kafa a kan hanyar wucewa kada ya turo daga bango fiye da inci 4, kimanin santimita 10. Ko a inda wannan doka ba ta aiki, alƙaluman suna da amfani wajen auna ƙira.

Akwatin ninkakkiyar takarda

Wannan shi ne mafi sauƙin ƙira, domin babu wani sashe mai motsi a cikinsa in ban da murfi da makulli. An jera takardu a ninke, nauyinsu ne ke sauko da su zuwa bakin da ke ƙasa. Farashinsa ya fi na kowa sauƙi, yana daɗewa matuƙa, kuma yawanci yana karɓar takardar kamfanoni daban-daban muddin girman ya yi daidai. Ba shi da kauri sosai, don haka yana shiga ƙuntataccen wuri, har ma akan binne shi cikin bango.

Sai dai rashin inji ba ya nufin rashin matsala. Matsalarsa tana cikin salon ninki da kuma yadda aka cika shi. Takardar da aka ninke da siffar harafin C ɗora ta kawai aka yi ɗaya kan ɗaya ba tare da an sarƙa su ba, saboda haka babu wadda ke jawo 'yar'uwarta, mutum sai ya cusa yatsu cikin bakin ya damƙo, kuma da wuya ya damƙo ɗaya tak. Wadda aka ninke da siffar Z ko V kuwa an sarƙa kowace cikin ta gaba, idan aka zare ɗaya sai bakin ta biyu ya leƙo. Wannan salon ya fi tsafta kuma ya fi tattali nesa ba kusa ba, kuma idan za a sayi irin wannan akwati, shi ya kamata a nema. Game da cikawa, ma'aikacin da ke son rage zirga-zirga yakan danna takarda har murfi ya rufe da ƙyar, sai matsin ya taru a kan takardar ƙasa, ta ƙi fitowa, ta riƙa yagewa. Idan kuma takardar ta kusa ƙarewa, nauyin da ke riƙe ta ya ragu, sai ta zubo uku ko huɗu a tare. Wasu masu ƙira sun sa ɗan shinge a sama da ke hana cikawa fiye da kima, kuma wannan ɗan ƙaramin abu ya fi ado da ƙyalƙyali amfani. Babban rauninsa shi ne babu abin da ke iyakance mutum, mai son goma zai zari goma, kuma 'yan ɗaruruwan takardun da yake ɗauka kan ƙare da wuri a wuri mai cunkoso.

Mai mariƙin dannawa

A nan takarda naɗi ce, mariƙin yana juya haƙoran giya, su kuma su juya tayoyin roba biyu da ke matse takardar suna turo ta, sai mutum ya yage ta a jikin wani ƙarfe mai haƙora. Ƙira ce tsohuwa mai ƙarfi, farashinta matsakaici ne zuwa ƙasa, kuma takan karɓi naɗin gama-gari. Tana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: tun da inji ne ke turo takardar ba jiƙaƙƙen hannu ba, tana jure takarda mai rauni fiye da sauran. Aibinta a fili yake, kowa sai ya taɓa mariƙi ɗaya da jiƙaƙƙen hannu, kuma mutane kan danna sau huɗu ko biyar su ɗebi fiye da buƙata. Duka da ake yi wa mariƙin shi ke cinye haƙoran giyar idan na roba ne marasa kauri. Ba ta dace da asibiti ko wurin sarrafa abinci ba.

Mai yanka da kanta idan an ja

Wannan ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ita ce ta haɗa rashin taɓawa da rashin lantarki. Takardar tana zagaye wata ganga mai fatar roba. Idan mutum ya kama bakin takardar da hannu biyu ya ja ƙasa, gangar tana juyawa, a rabin farko na juyin tana miƙe wani sifirin, a lokaci guda kuma wata wuƙa mai haƙora da ke ɓoye cikin gangar tana fitowa ta yanke takardar. Da zarar an wuce tsakiyar juyin, sifirin ɗin ya saki ƙarfin da ya tara, ya ƙarasa juya gangar, ya leƙo da bakin takarda ta gaba. Ƙarfin hannun mutum ɗaya ne ke shirya wa na bayansa takarda. Tsawon kowace takarda daidai yake da kewayen gangar, yawanci kusan santimita 25 zuwa 30, don haka naɗi mai tsawon ƙafa 800, kimanin mita 244, yakan ba da takardu sama da 800, abin da ya ninka na akwatin ninkakkiya.

Wahalar ƙirarta ita ce duk wannan aiki, juya ganga da miƙe sifirin da yanka da kuma motsa naɗi, a kan jiƙaƙƙiyar takarda yake rataye. Sabon naɗi yana da nauyi, motsa shi daga tsaye yana buƙatar ƙarfi, don haka yagewa ta fi faruwa a farkon naɗi, musamman ga mai fizga da hannu ɗaya daga gefe. Idan naɗin ya yi saurin juyawa bayan fizga kuma, takarda kan saki ta yi lanƙwasa a ciki, shi ya sa masu ƙira nagari suke sa ɗan birki a mariƙan naɗin. Ƙurar takarda tana taruwa a fatar gangar ta sa ta santsi, wuƙar kuma tana dakushewa bayan dogon amfani. Abin da ke ceton ta shi ne ɗan abin murɗawa ko dannawa da ke gefe ko gaba, wanda ke turo takarda idan bakin ya ɓace. Duk samfurin da ba shi da wannan hanyar gaggawa bai kamata a saya ba. Farashinta matsakaici ne zuwa sama, kuma da yawa daga cikinsu a ɗaure suke da takardar kamfani ɗaya, a nan kam da ɗan dalili, tun da an auna ƙarfin sifirin ne da ƙarfin wata takarda takamaimai. Ga wanda hannunsa ɗaya ne ke aiki ko mai raunin kamu, ya kamata a gwada ta kafin a yanke shawara.

Mai aiki da batir

Tana da idon lantarki da ke gane kusantar hannu, ko dai ta hasken da ido ba ya gani wanda ke dawowa daga fata, ko ta sauyin da hannu ke kawowa ga yanayin lantarkin da ke gabanta, sai ƙaramin inji ya turo takarda. Yawancinsu suna cin manyan batura 4, wasu kuma ana iya haɗa su da wutar gini. Ita ce ta fi kowa iya tattalin takarda, domin ana saita tsawon abin da za ta bayar da kuma 'yan daƙiƙun da za ta jira kafin ta sake bayarwa, kuma wannan ɗan jinkiri kan sa mutum ya haƙura da ɗaya ko biyu. Ita ce kuma mafi sauƙi ga tsoho, yaro da mai raunin hannu, kuma tun da inji ke ja, jiƙaƙƙen hannu ba ya yaga takarda a ciki.

Amma lissafin jerin sassa a kanta ya fi faɗawa: batir, mahaɗinsa, ido, allon lantarki, inji, giya, tayoyi. Batirin da ya daɗe yakan yi yoyon sinadari ya cinye mahaɗin ƙarfe, danshi yana kama allon, madubi ko ƙarfe mai sheƙi da ke fuskantarta kan ruɗe idon ta riƙa zubar da takarda babu kowa, sabulu ko ƙura a kan idon kuma kan makantar da ita. Mafi muni, samfura da yawa ba su da hanyar gaggawa ta hannu, idan batir ya mutu takarda tana ciki amma ta gagari kowa. Ita ce mafi tsadar saye, ga kuɗin batir da ɗawainiyar zubar da tsofaffinsa, kuma idan allon ya ƙone yawanci sai dai a sauya dukan injin cikin. Amincinta ya dogara ne ga samuwar mutumin da ke duba fitilar gargaɗin batir a kai a kai.

Mai zarowa daga tsakiya

Naɗi ne marar bututu da ake zaro takardarsa daga ciki ta wani ɗan mazurari, matsin mazurarin ne ke sa ta tsinke a layin huji. Ba ta da sassa masu motsi, ba ta da tsada, ana amfani da ita da hannu ɗaya. Sai dai takardar kan fito a murɗe kamar igiya, mazurarin yana buɗewa da tsufa har ta daina tsinkewa, kuma idan bakin ya koma ciki sai an buɗe akwatin. Ta fi dacewa da goge tebur, kayan aiki da abin da ya zube fiye da busar da hannu.

| Nau'i | Kuɗin saye | Tattalin takarda | Ƙarko | Babbar matsala | Idan ta lalace |
|---|---|---|---|---|---|
| Ninkakkiya | Ƙasa | Rauni | Sosai | Cikawa fiye da kima, zubowa | Ana samun takarda |
| Mai mariƙi | Ƙasa zuwa matsakaici | Rauni | Mai kyau | Taɓawa, cinyewar giya | Yawanci ta tsaya |
| Mai yanka da kanta | Matsakaici zuwa sama | Mai kyau | Mai kyau | Yagewa da takarda mai rauni | Akwai hanyar gaggawa |
| Mai batir | Sama | Mafi kyau | Ya danganta da kulawa | Batir, danshi, ruɗewar ido | Sau da yawa a kulle |
| Mai zarowa daga tsakiya | Ƙasa | Matsakaici | Mai kyau | Buɗewar mazurari | Sai an buɗe |

Jiki, kafawa da ragowar naɗi

Abubuwa uku sun shafi kowane nau'i. Jikin roba mai ƙarfi da ake kira ABS ba ya tsatsa kuma yana jure bugu daidai gwargwado, amma marfinsa da harshen makullinsa su ne suke fara karyewa, kuma hasken rana kai tsaye yana sa shi gautsi. Ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 304, wanda ke ɗauke da kusan kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel, ya fi jure ɓarna da ganganci, sai dai ruwan wanki mai kulorin yana yi masa ƙananan ramuka idan aka bar shi ya bushe a jiki. Game da kafawa, kowace fizga tana sauka ne a kan kusoshin da ke riƙe akwatin, don haka na'urar da ake ja da ƙarfi tana buƙatar bango mai riƙo da cikakken adadin kusoshin da mai ƙira ya tanada, kuma idan ta karkace ko kaɗan takarda za ta riƙa gudu gefe ɗaya tana cushewa. Na uku, a na'urorin naɗi a nemi wadda ke da gurbin ragowar naɗi: ma'aikaci ya sauke wanda ya kusa ƙarewa zuwa ƙaramin gurbi, ya ɗora sabo a sama, na'urar ta cinye tsohon sannan ta kama sabon da kanta. In babu wannan, ko dai a jefar da takarda mai kyau, ko a bar akwati ya ƙare tsakanin zagaye biyu na masu tsafta.

Wacce ga wa

Ƙaramin ofis, ɗakin ganin likita ko banɗakin da mutane kaɗan ke shiga ba ya buƙatar inji kwata-kwata, akwatin ninkakkiya mai sarƙaƙƙen ninki da shingen hana cikawa ya wadatar, kuma shi ne zaɓin da ya dace kusa da kwamin wanke hannu a ɗakunan marasa lafiya, inda fili ƙanƙane ne kuma ake buƙatar takarda nan take da za a rufe famfo da ita. Makaranta, masana'anta, tashar jirgi da duk inda jama'a ke da yawa amma masu kulawa kaɗan ne, mai yanka da kanta ce ta fi dacewa a ganina, da sharaɗin a saye ta tare da takardar da aka yi dominta, a kuma tabbatar tana da hanyar gaggawa da gurbin ragowar naɗi. Mai batir ta cancanci kuɗinta a otal, babban ginin ofisoshi ko gidan kula da tsofaffi, wato inda ake da jadawalin dubawa na dindindin ko ake iya ja mata waya, kuma inda masu raunin hannu suke da yawa. Mai mariƙi ta rage ga garejin gyara da ɗakin ajiyar kaya, inda ake son abin da zai karɓi kowace irin takarda kuma taɓawa ba ta da hatsari sosai. Mai zarowa daga tsakiya kuwa a kafa ta kusa da teburin aiki a ɗakin girki ko ɗakin gwaje-gwaje. Wanda zai sayi da yawa ya fara kafa guda ɗaya a wurin da ya fi cunkoso, ya cika ta da ainihin takardar da zai riƙa saye, ya jiƙa hannunsa ya ja daga sabon naɗi da kuma daga wanda ya kusa ƙarewa, sannan ya tambayi mai kawo kayan ko ana samun makulli, murfi da injin ciki daban-daban idan buƙatar sauyawa ta taso.